Wanda Ya Riƙe Waya

Fasfo huɗu Manaja ya zube a kan teburinsa, alhali biyar suka ba shi wata guda da ya wuce.

Gyare ya ƙirga su da ido, ya sake ƙirgawa. Sauran 'yan ƙungiyarsu ta Yatsu Biyar ba su tsaya lissafi ba, kowa ya kai hannu. Tsinke ya ɗauki nasa ya manna a ƙirji. Ɗan Tela ya buɗe shafin biza ya ƙura masa ido kamar mai karanta wasiƙar budurwa. Kwalliya ya fara duba ko hotonsa ya yi kyau. Auta ne ya ɗauka a ƙarshe, ƙanin Gyare uwa ɗaya uba ɗaya, ya zura a aljihu bai ko ɗaga kai ba.

"Ranka ya daɗe, nawa fa?" in ji Gyare.

Manaja ya jawo aljihun tebur, ya fito da na biyar ya tura masa. Gyare ya buɗe shafi bayan shafi. Fari tas, ko ɗigon tawada babu.

"Zauna mu yi magana irin ta manya."

"A tsaye ma ina ji."

"Kamfanin waje sun sa hannu. Rangadin ƙasa goma sha ɗaya, wata uku. Amma mutum huɗu suke so, waɗanda duniya ta gani a bidiyo. Wallahi na yi musu bayani har bakina ya bushe. Wakiliyarsu ta ce da ni, wane ne kuma na biyar? Ba su san shi ba, masu kallo ma ba su san shi ba."

"Ni na rubuta waƙar. Muryata ce a amshi."

"Muryarka ce, amma bakin Auta aka gani yana motsi. Mutanen yanzu da ido suke jin waƙa."

Abin ya faro ne daga saman benen shagon wanki da guga inda Gyare yake aiki. A can suke atisaye kullum da yamma, tsakanin zannuwan gadon otal da ake shanyawa a igiya. Da suna da sandar ɗora waya, sai wata rana iska ta kayar da ita, fuskar wayar Tsinke ta yi raga-raga. Tun daga nan suka yi doka: duk ranar ɗaukar bidiyo mutum ɗaya zai riƙe waya, huɗu su yi rawa, bi da bi, ba gardama.

Ranar da suka ɗauki rawar waƙarsu ta farko, Rufe Taga, layi a kan Auta yake. Sai ga shi ya zo da sabuwar riga ja, ya ja wansa gefe.

"Yaya, don Allah yau ɗaya. Aro na yi, gobe zan mayar."

Gyare ya yi dariya, ya dungure masa kai, ya karɓi wayar. Auta ya shiga tsakiya, wurin da Gyare ya saba tsayawa, da amshi ya zo ya motsa baki a kan muryar wansa don kada wurin ya zama fanko. Daƙiƙa ashirin da biyu ke nan duka. Samari huɗu, fararen zannuwa suna kaɗawa a bayansu, suna miƙa hannu biyu suna jawo tagar da babu ita suna rufewa.

Cikin mako uku aka ga ma'aikatan jinya suna rufe taga a wata ƙasa da ƙanƙara ke zuba. 'Yan ƙwallo suka riƙa rufe ta in sun ci. Wata tsohuwa a keken guragu ta rufe tata, jikokinta suna shewa. Gidajen rediyon da ba su jin ko kalma ɗaya ta waƙar suka sa ta safe da rana. Mutum miliyan arba'in suka kalli yaron nan mai jar riga, kuma duk abin da suke magana a kai wuri ɗaya ne, inda muryar take tsagewa a kalmar "taga" kamar mai shirin fashewa da kuka.

Ranar da aka raba fasfon, a matakalar ofishin Manaja Gyare ya tare sauran huɗun.

"Ku ce masa ko mu biyar ko babu. In kun haɗa baki ba yadda zai yi."

Tsinke ya sosa ƙeya. "Ni wallahi ba ni da ta cewa, ka san halin da gidanmu yake."

"Ka yi haƙuri, tafiya ta biyu ai da kai," in ji Ɗan Tela, idonsa a kan takalminsa.

Kwalliya kuwa gyara gashi yake a gilashin wayarsa. "Malam, doka ce fa, kuma kai ka kawo ta. Wa ya ce ka yi musaya? Babban yatsa ma ai dama gefe yake zama."

Gyare ya juya ga ƙaninsa. "Kai fa?"

"Zan yi masa magana, Yaya."

"Ga ƙofar nan. Koma ka yi."

"Ba yanzu ba, ransa a ɓace yake."

A gida ya tarar da Umma ta baje kayan Auta a kan gado tana ninkewa cikin sabon akwati. Maƙwabta sun daina kiranta da sunan da suka saba, yanzu Maman Auta ce har a bakin famfo. Ta saurari Gyare har ya gama, hannunta bai tsaya ba.

"To mene ne a ciki? Arzikin ƙaninka ai naka ne."

"Umma, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan."

"Kul na sake jin ka kira ɗan'uwanka gardi. Kai ka goya shi a bayanka, yau kuma don Allah ya ɗaga shi sai ka tsaya ƙyashi? Miƙo min waccan rigar."

Washegari da hantsi Gyare ya hau saman bene shi kaɗai, ya jingina waya da bokitin sitati, ya kife wani bokitin a gabanta ya zauna, ya rera amshin Rufe Taga ba kiɗa ba komai. Ya rubuta a ƙasa cewa wannan ita ce muryar da ke cikin waƙar, ya saki.

Kafin la'asar masoyan Auta sun yi masa ca. Wani ya ce kwaikwayon ya yi kyau, saura fuskar. Wata ta ce a taimaka a saya wa bawan Allah madubi. Aka yanko hancinsa aka manna wa jaki. Har daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba aka zage shi, wayar tana fassara masa zagin ɗaya bayan ɗaya. Amma cikin dubun masu zagi an samu 'yan tsiraru da suka tambaya: to shi mai jar rigar, wa ya taɓa jin ya rera ta baki da baki?

Kwana biyu bayan nan motar Manaja ta tsaya a ƙofar shagon wanki. Ya shigo cikin tururin guga yana fifita da hannu, ya tarar da Gyare a kan tulin rigunan filo.

"Ka ga abin da ka jawo? Maganar ta kai kunnen kamfani. Sun ce kafin su ba da tikiti sai yaran sun rera waƙar kai tsaye a talabijin, ba na'ura a bayansu. Kwana tara. In Auta ya kasa, an soke komai, kowa ya zauna a gida."

"To ku zauna. Akwai wuri a saman bene."

"Ka koya masa."

Gyare ya ajiye dutsen guga ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ban gama ba," in ji Manaja. Ya fito da waya ya nuna masa wata doguwar wasiƙa da harshen waje. "Na yi ciniki a kanka. In Auta ya wanke mu a idon duniya, sun yarda da mutum na biyar. A ƙarshen shirin za a kira ka dandamali a ce ga marubucin waƙar, ga sabon ɗan ƙungiya. Daga nan amshi ku biyu za ku riƙa yi. Kawo fasfon."

"Ina aka rubuta haka?"

Manaja ya ɗora yatsa a wani layi. Gyare ya ga lamba biyar a tsakiyar kalmomin da bai iya karantawa ba. Ya daɗe yana kallonta. Da yamma ya kai fasfon da hannunsa.

Aka fara aiki a situdiyon Injiniya, wani dattijo mai furfura a gemu wanda ya naɗi waƙar tun farko. Ɗaki ne ƙarami, bango manne da soso, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga makirufo. Auta yana da murya, ba laifi, gidansu ɗaya da Gyare har a maƙogwaro. Cikin kwana huɗu ya kama hawa da saukar amshin. Amma duk sanda ya iso "taga" sai ta fito sumul, lafiyayya, ba tsaga ko kaɗan. Ya gwada matse wuya, ta fito kamar ta akuya. Ya gwada kukan ƙarya, Tsinke ya faɗi ƙasa don dariya.

Gyare yana zaune a kan kujerar roba yana kallo, ya san sarai inda matsalar take. Auta yana cika ƙirji da iska kafin layin, kamar yadda kowane mawaƙi yake yi. Shi kuwa Gyare ba ya shaƙa a wurin. Tun layi biyu baya yake satar rabin numfashi ta hanci, ya ƙi ƙarawa, saboda ya iso "taga" iskar tana ƙarewa. Muryar ba don gwaninta take tsagewa ba, don yunwar iska ce. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

A rana ta shida Injiniya ya bi shi waje wurin shan iska.

"Na ga kana riƙe da wani abu," ya ce a hankali. "Shekara talatin ina wannan aiki, ina gane mai ɓoyo."

"Laifi ne?"

"Ni ban ce ba. Kowane maƙeri yana da bugu ɗaya da ba ya yi a gaban yaransa. Ban dai ce maka komai ba." Ya koma ciki.

Rana ta takwas Manaja ya jefar da kwalbar ruwa ta bugi bango. Ya ce da Auta kwalliyar banza, ya ce da jar riga aka ɗaure a sanda da ta fi shi amfani. Auta ya fita da gudu. Gyare ya same shi a bayan ginin, tsugune kusa da injin wuta, kafaɗunsa suna rawa.

"Gobe duniya za ta yi min dariya, Yaya. Yadda suka yi maka, nawa sai ya ninka. Umma ta gayyaci duk layinmu kallo." Ya ɗago, majina da hawaye sun haɗe. "Ni ban ce a cire ka ba. Wallahi riga kawai na so a gani."

Gyare ya tsaya a kansa. Ya tuna yaron nan yana shekara biyar, yana bin sa a baya yana maimaita duk abin da ya rera, har baƙi su kasa gane wa ya fara.

"Tashi," ya ce. "Share fuskarka. Daga 'iska ta shigo', ja rabi ta hanci. Rabi kawai. Kada ka ƙara ko za ka mutu."

Sau uku Auta ya gwada a wurin, cikin warin man inji. A na huɗu muryar ta tsage. Gyare ya ji kamar ya hangi kansa yana tafiya a ɗaya gefen titi.

Washegari ƙarfe huɗu na yamma aka fara shirin. Ɗan Tela ya ɗinka musu kaya iri ɗaya, har da na Gyare, aka tsayar da shi bayan kyamarori kusa da wata mata mai abin magana a kunne, aka ce ita za ta ba shi alama. Fitilu suka haska. Mai gabatarwa ya ɗaga hannu ya nuna wa jama'a cewa an kashe na'ura, sai mai jita guda ɗaya.

Auta ya shiga amshi idonsa a rufe. Gyare yana ƙirga masa numfashi daga inda yake tsaye, leɓensa yana motsi. Rabi ta hanci. Riƙe. Riƙe. "Taga" ta fito a tsage, ɗakin ya ɗauki ihu, wata yarinya a layin gaba ta fashe da kuka. Mai gabatarwa ya rungume Auta.

"To ina masu cewa ba muryarsa ba ce? Ina wancan mai bokiti?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Gyare ya gyara wuyan rigarsa, ya matsa taku ɗaya, ya dubi matar. Ita takardar hannunta take dubawa. Aka yi hira da Kwalliya a kan gashinsa. Aka tambayi Auta wa ya koya masa waƙa, ya yi murmushi ya ce baiwa ce daga Allah, sai kuma addu'ar mahaifiya. Kiɗan rufewa ya tashi.

"Baiwar Allah, ba a kira ni ba," in ji Gyare.

Ta duba takardar sama da ƙasa. "Kai ne wa?"

Bai samu Manaja a ranar ba, an fitar da su ta ƙofar baya cikin mota mai baƙin gilashi. Auta ma bai kwana a gida ba, an kai su otal. Da safe Gyare ya wuce situdiyo, a nan ya tarar da su: Manaja a tsaye, Auta a gaban makirufo, Injiniya a gaban kwamfuta ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Yawwa, ka hutar da ni aike," in ji Manaja. Ya zaro fasfon daga aljihun kwat ya miƙa masa. Gyare bai buɗe ba, daga yadda aka miƙo shi ya gane.

"Ka ce sun yarda da biyar."

"Biyar ɗin da ka gani, ranar tashin jirgi ce. Biyar ga wata."

"Ka rantse min."

"Ban rantse ba, ka tuna da kyau. Kuma a lokacin ina buƙatarka." Ya duba agogo. "Kai ma ka yi tunani mana. Murya ɗaya, mutum biyu, me zan yi da na biyun? Da ka bar shi ya kasa jiya, da yau ni ne a shagonku ina durƙuso. Kai ka zaɓa."

Gyare ya nuna kwamfutar. "Waƙar dai da ke yawo a duniya muryata ce. Wannan ba ku isa ku taɓa ba."

Injiniya ya yi gyaran murya.

"Kamfani sun ce kada a bar abin da wani zai kama gobe. Yanzu muka gama naɗar amshin da muryar Auta. Na tura. Ƙarfe goma sha biyu za a sauya ta a ko'ina, har gidajen rediyo." Ya sauke murya. "Na gaya maka, yaro."

A fuskar kwamfutar akwai layuka masu launi, kowanne da sunan mai shi. Wanda aka rubuta Gyare ya koma toka-toka, a kashe.

Gyare ya taka har gaban makirufo. Auta ya cire abin ji daga kunnensa, ya ja baya kaɗan.

"Yaushe ka sani?"

"Yaya..."

"Yaushe?"

"Tun ranar da ya je shagonku. A mota ya gaya mana."

"Kukan fa? Bayan injin wuta?"

"Na gaske ne, wallahi. Tsoro nake ji kada ka ƙi faɗa." Ya jujjuya abin jin a hannunsa. "Zan riƙa yi maka aike. Umma ma ta ce in na dawo in buɗe maka shagon wanki naka na kanka."

"Umma ta sani?"

Auta ya mayar da abin ji kunnensa.

Gyare bai san yadda ya sauko titi ba. Ya tsinci kansa a motar haya, a kujerar baya, matse tsakanin wani mai buhun kwalabe da wata mata mai goyo, har yanzu da rigar da Ɗan Tela ya ɗinka a jikinsa. Cunkoso ya riƙe su a kan gada. Rana ta take, wayarsa ta mutu tun safe, agogon gaban motar kuwa wayoyin wuta ne kawai suka leƙo daga raminsa.

Direba ya murɗa rediyo. Kiɗan farko na Rufe Taga ya cika motar. Kwandasta ya saki ƙofa ya miƙa hannu biyu ya jawo taga, matar ta kama hannun jaririnta tana koya masa.

"Malam, ƙarfe nawa?" Gyare ya tambayi mai kwalabe.

"Sha biyu ko ta kusa, ko ta ɗan gota. Yi shiru mana, ga wurin nan ya zo."

Gyare ya sunkuyar da kai, ya toshe kunne ɗaya, ya miƙa ɗayan ga lasifikar da ke ƙarƙashin kujera. Ya ji an saci rabin numfashi ta hanci. Ya ji an riƙe. Muryar ta hau, iskar ta ƙare, ta tsage daidai inda take tsagewa. Amshin ya dawo karo na biyu, ya dawo na uku. Ya saurara da duk abin da ya rage masa har kiɗan ya mutu mai gabatarwa ya shiga tallar sabulu, bai gane ba ko shi ne, ko Auta.